Jirgin Ɗankure da Kogin Sham

Duk wanda ya saba bi ta bakin kogi a Argungu da hantsi ya san Ɗankure. Dattijo ne dogo mai ɗan doro, yana zama a inuwar wani mangwaro da taru a bisa cinya, yana ɗinke inda kifi ya yage. Sunansa na yanka Muhammad Sani, amma tun yana ƙarami kakarsa ta laƙaba masa Ɗankure don ba ya barin ƙashi a akushi, sunan kuwa ya bi shi har furfura. Bai shiga boko ba, allonsa ma bai yi nisa ba. Amma idan aka tayar da zancen birnin Dimashƙa, wanda shi Sham kawai yake ce masa, sai ya lissafa maka ƙofofinsa kamar a can aka yanke masa cibiya, alhali ko Makka bai taɓa zuwa ba.

Masunci ne ɗan masunci. Da ƙuruciyarsa ya bi ruwa har Yawuri, ya yi rani a Tafkin Cadi, ya taɓa kaiwa Gawo ta ƙasar Mali. A duk yawon nan doka ɗaya ya sani, wadda ya gada daga ubansa: inda ruwa yake nan masunci ke kafa bukka, ranar da ruwa ya janye a naɗe taru a koma gida. Bai taɓa ganin wanda ya karya ta ba. Abin da uban ya bar masa bayan wannan doka shi ne jirgi, babba, na itacen maɗaci irin wanda yanzu ko an zaga daji ba a samun mai kaurinsa. Da shi ya ciyar da matarsa Sadatu da 'ya'yansu biyu da suka rayu, Ikrama da ƙanwarsa Sa'ida. A ransa kuwa babu ko tantama, jirgin na Ikrama ne.

Ikrama ɗan fari ne, saboda haka Ɗankure bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. "Wancan" yake ce masa, idan ya so sakin fuska ya ce "yayan Sa'ida". Yaron ya iya tuƙi tun bai kai tsawon filafili ba, amma kansa ya fi kama Larabci. Wani malaminsa na Islamiyya ya nema masa gurbin karatu a Sham, shekara biyu kafin yaƙin ƙasar ya ɓarke. Ranar tafiya dangi suka cika tasha. Ɗankure bai je ba, ya wuni a kogi bai kama komai ba, aka yaba masa da alkunya.

Daga nan rayuwarsa ta koma ta jiran Juma'a. Bayan an sauko masallaci ƙaramar wayarsa za ta yi ƙara, ya goge hannu a riga ya ɗauka.

"Baba, ina wuni?"

"Lahiya lau."

Tambayoyin da ke cikinsa suna da yawa: ko yaron yana ƙoshi, ko sanyi na damunsa, ko yaushe zai dawo. Ba ɗaya da bakin uba zai iya yi wa ɗan fari. Sai ya nemi wadda ba kunya a cikinta.

"To, ya garin naku?"

Ikrama kuwa a gidan nan ya tashi, ya san abin da aka tambaya da wanda aka haɗiye. Sai ya sake baki a kan garin, don wayar ta daɗe. Da haka, Juma'a bayan Juma'a, tarihin Sham ya shiga kan mutumin da bai neme shi ba. Ya ji cewa garin ya girmi Musulunci, ya girmi zamanin Annabi Isa, an ce tun zamanin Annabi Dauda yana nan da sarkinsa. Ya ji babban masallacinsu dā coci ne, kafin coci ɗakin tsafi ne, duwatsun kuma su ne dai a bangon. Ya ji akwai lokacin da daga garin nan ake mulkin Musulmi tun daga Andalus har bakin Hindu, sannan mulkin ya tashi ya koma Bagadaza ya bar su da gine-gine. Tatar suka zo suka ƙone shi, suka kwashe maƙeransa da masaƙansa. Turkawa suka riƙe shi shekaru ɗaruruwa. Faransawa suka yi masa ruwan wuta, har yau rufin babbar kasuwa yana da hudojin harsashi da rana ke leƙowa ta ciki. Ya ji a tsohon gari wani gidan sai ka sauka matakala kafin ka shiga, don ƙasa ta tashi, gari a kan gari, kowane zamani ya yi gini a kan tokar na baya.

Abin da ya ji ran Juma'a shi yake kaiwa bakin kogi ran Asabar. Wadda ta fi jan sa da magana ita ce Bisi, Bayarabiya mai sayen bandar kifi, wadda a Birnin Kebbi ta girma, Hausarta kuma ta Kabawa ce tsantsa.

"Sarkin Sham, an tashi lahiya? Yau kuma wa yaƙ ƙone garin?"

"Ke dai auna kihinki, Bisi."

"Ni tausai nika ji. Mutane kullum ana dukansu, ba su tashi su sake wuri?"

Wannan tambayar ta daɗe tana cin Ɗankure shi ma. Su Kabawa sun bar Surame ta koma kufai, sun zauna Birnin Kebbi yaƙi ya tashe su, sannan suka kafa Argungu. A saninsa gari abu ne da ake ɗauka a kai gaba idan zama ya ƙi. Da ya tambayi Ikrama, sai yaron ya ba shi labarin Barada, kogin da ke gangarowa daga duwatsu ya rabu gida bakwai, ya shayar da lambuna a bakin hamada, ya ratsa har cikin gidaje. Ya ce malamansu na cewa ba don kogin ba da ba a yi garin ba.

Ɗankure ya gyaɗa kai shi kaɗai. Washegari ya ce wa Bisi, "Ashe ruwa na. Wa ka barin ruwa shina da kihi?" Daga ranar ya daina mamakin mutanen Sham. Ya ɗauke su masunta irinsa, ya ɗauki ɗansa ɗan ci-rani a bakin wani babban kogi.

Da yaƙi ya yi tsanani ɗalibai da yawa suka dawo. Ikrama bai dawo ba. Wata Juma'ar wayar ba ta shiga, wani lokaci wata guda cur. Ɗankure ya kan zauna da ita a aljihu, kowa ya gaishe shi ya amsa, ba wanda zai ce ga abin da ke damunsa. Wata rana suna cikin magana ya ji wata ƙara mai nauyi ta cikin wayar, har muryar yaron ta ɗauke.

"Mi ne wancan?"

"Ƙofa ce aka rufe, Baba."

Ɗankure ya rufe ƙofofi da yawa a rayuwarsa. Sai ya ce, "Waɗannan Tatar da kac ce, da sunka ƙone garin, mutane nawa sunka saura?"

"Sun saura, Baba. Ai ga jikokinsu nan muna tare."

A shekarun nan Ikrama ya kama aiki a shagon wani tsoho mai gidan burodi, da safe yana gaban tanda, da yamma yana koyar da yara karatu. Daga baya tsohon ya ba shi 'yarsa. Aka ɗaura aure a can, a nan aka raba goro. Sadatu ta yi kukanta a madafa inda hayaƙi zai ɗauki laifi. Ɗankure ya ce masunta sun saba aure a inda suka yi rani, shi ma da idonsa ya ga waɗanda suka dawo daga Cadi da mata da 'ya'ya.

Jirgi kuwa yana nan ɗaure. Ɗankure ya fara ciwon baya, tuƙi ya gagare shi, sai ɗinkin taru. Duk da haka kowace bazara sai ya sa an jawo jirgin tudu, ya bi wuraren da suka tsage ɗaya bayan ɗaya yana cusa tsumma, ya narka kwalta ya shafe, inda ya ruɓe ya buga faffaɗan gwangwani. Idan ya gama sai ya kwana biyu ba ya iya miƙewa. Akwai Ummaru, ɗan ƙanensa, magidanci mai 'ya'ya, wanda ke kamun kifi da gora da ragar koma ko ya raɓa a jirgin wasu. Shi ke taya shi jan jirgin kowace shekara, bai taɓa buɗe baki ya roƙa ba. Sadatu ce ke roƙa masa.

"Malam, jirgi ba ya son zama. Ka ba yaron nan shi ci abinci."

"Shina da mai shi."

"Mai shi ko iyo ya mance."

"Ɗan masunci ba ya mance iyo."

"To Allah shi kawo shi muna da sauran ido."

Da gwamnatin can ta faɗi a ƙarshen 2024, mutane suka riƙa tsayawa a gindin mangwaro suna yi masa barka, wai yanzu hanya ta buɗe, ɗansa zai taho. Ɗankure bai ɗaga kai daga taru ba. Ya ce sarki ya tafi sarki ya zo, ai aikin garin ke nan tun fil azal, bai taɓa tayar da kowa ba. Ya riga ya san Sham fiye da a ruɗe shi da wannan.

Abin da ya ruɗe shi daban ne. Sa'ida tana aure a Gwadangaji, mijinta ya saya mata babbar waya wadda ake ganin mutum. Ta matsa sai Baba ya zo ya ga yayanta da ido. Ya shiga mota zuwa Birnin Kebbi, ya hau Keke Napep har ƙofar gidanta, aka shimfiɗa masa tabarma a barandar. Da fuskar ta fito ya ga wani mutum mai gemu da furfura jefi-jefi, mai goshin marigayi uban Ɗankure sak. Ya kawar da ido da sauri. Ikrama yana tafe ne a titi, motoci na wucewa bayansa.

"Kana kusa da kogin?" in ji Ɗankure. "Nuna mini shi."

Ikrama ya taka zuwa wata gada ya juya wayar ƙasa. Tsakanin bangayen siminti biyu wani baƙin ruwa ne siriri yake bin gefe, ledoji da robobi sun kwanta a kan laka. Ko agwagwa ba za ta jiƙa ciki ba.

"Wanga shi ne Barada?"

"Shi ne, Baba. Bana ba a samu ruwan sama ba, tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin fari irinsa ba. Idon ruwan da ake sha ma ya ja baya. Famfo sai an yi kwanaki, tanka muke jira."

Ɗankure bai ƙara tambaya ba. Amma a motar komawa, da suka wuce fadamar Ambursa, ya tsinci kansa yana murmushi har na kusa da shi ya dube shi. Wuta ba ta tashe su ba, Tatar ba su tashe su ba, don ruwa na nan. Yanzu ruwa ya janye. Sauran kuma kowane yaro a bakin kogi ya san shi.

Bai jira bazara ta gaba ba. Ya kira Ummaru suka jawo jirgi, ya sake shafe shi da kwalta ciki da waje, ya sa aka sassaƙa sabon filafili. Ya ce wa Sadatu ta fitar da buhunan shinkafa daga ɗakin ƙofar gida, a share, a yi sabon daɓe.

"Ya ce maka zai zo?"

"Ba sai ya hwaɗi ba."

"Malam, kai dai ka tambaye shi."

"In tambaye shi mi? Ruwa ya ƙare, ke kina ganin mi za su zauna yi?"

Har Bisi ya gaya wa ta shirya, za ta samu kifi irin na dā. Ta ce ita dai a kawo mata tsarabar burodin Larabawa, ta gaji da jin labari da kunne.

Damina ta sauka, kogi ya cika ya haura fadama, aka yi shuka aka yi girbi. Kowace Juma'a yana sauraron kalmar tafiya a bakin Ikrama, ba ta fito ba. Ɗakin da aka share ya fara tara yanar gizo. Da ruwa ya fara komawa, ranar wata Juma'a ya saka rigarsa ta fita, ya sake kama hanyar Gwadangaji ba tare da an kira shi ba.

Wannan karon Ikrama yana gida, a tsakar wani tsohon gini mai baƙin dutse da fari, ga wani ɗan tafki na marmara a tsakiya, busasshe.

"Ruwan ya dawo?"

"Da sauƙi dai kaɗan, Baba. Muna nan muna jiran sanyi."

"To mutanen garin ina sunka nuhwa?"

"Waɗanne mutane?"

"Masu tashi."

Ikrama ya yi dariya, ba ta raini ba, irin ta wanda aka tuna masa gida. "Baba, ba wanda ya tashi don ruwa. Waɗanda yaƙi ya kora ma dawowa suke yi, gari ya cika har ba wurin haya. Kogin nan tun kafin in zo ya lalace, ni ban taɓa ganinsa yadda littattafai suka faɗa ba. Ban dai gaya maka ba ne, na ga kana son labarinsa. Surukina ya ce a gidan nan kakan kakansa ya mutu, ko da jarka zai riƙa ɗauko ruwa daga bayan dutse, nan za a ɗauki gawarsa."

Ɗankure ya dubi tabarma. Sa'ida tana riƙe da wayar. Maganar da ya riƙe tun yaron na saurayi ta taso masa.

"To kai hwa…"

Iyakar abin da ya fito ke nan. Ikrama ya sunkuyar da kai.

"Baba, yara sun shiga makaranta. Tsohon nan ba shi da ɗa namiji, tandar a hannuna take. In sha Allahu idan hali ya yi za mu zo ganin gida."

Ganin gida. Ɗankure ya san masu zuwa ganin gida, suna kwana bakwai, a yanka musu kaza, su koma inda suka fito.

Sai Ikrama ya kira 'yarsa Maryamu. Yarinya ta leƙo, fara mai manyan idanu, haƙoranta na gaba sun fita. Da jika babu kunya, sai fuskar tsohon ta sake.

"Amaryata, haka za ki bar ni da tsohuwa? Ga shi ko haƙora ba ki da, da mi za ki ci kihina?"

Yarinyar ta dubi ubanta. Ya juya mata da Larabci, ya daɗe yana bayani, wata murya ta mace daga gefe ta yi tambaya cikin mamaki, ya sake wani bayanin. Kafin wasan ya isa inda aka aike shi ya huce. Maryamu ta ɗaga hannu ta faɗi wata gaisuwa ta ruga.

"A gaida mutanen gidan," in ji Ɗankure. Ya miƙa wa Sa'ida hannu ta taimaka masa ya tashi.

Ya isa Argungu da la'asar. Sadatu tana tankaɗe a tsakar gida, ta dube shi sau ɗaya ta ci gaba da aikinta. Ya zauna a kan turmi ya cire takalma.

"Suna gaishe ki."

"Ina amsawa."

"A mai da shinkahwar ɗakin nan, kada ɓera shi same ta a waje."

Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta kawo masa ruwa a kwanon sha, ta tsaya har ya shanye.

Da safe ya aika aka kira Ummaru bakin kogi. Jirgin yana ɗaure a inda ya saba, baƙi wuluk da sabuwar kwalta, ruwa na ɗan lasar gefensa. Ɗankure ya sunkuya da ƙyar ya kwance igiyar, ya miƙa masa tare da sabon filafilin.

"Baba, ina za mu?"

"Ba mu za mu ba, kai za ka. Hancin shina ja hagu in an yi lodi, ka riƙa zama baya kaɗan. Kada ka bar shi ga rana ba ruwa ciki. Wanga gwangwani na gindi bara na buga shi, badi sai ka sake."

Ummaru ya durƙusa zai yi godiya, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Tashi, rana tana yi."

Ya tsaya yana kallo har jirgin ya kai tsakiyar ruwa. Ummaru ya zauna gaba da yawa, hancin ya ja hagu. Ɗankure ya buɗe baki zai ƙwala masa kira, sai ya ga ya yi nisa, muryarsa ba za ta kai ba. Ya juya a hankali, dafe da ƙugu, ya hau tudu zuwa inda ya bar tarun da yake ɗinki.